MAI MASAUKI: TUNAWA DA WANI DATTIJON MAIGATARI

Kowane gari yana da mutanen da a ke rubuta sunayensu cikin littattafan mulki, watau sarakuna da hakimai da alƙalai da manyan ma'aikata. Akwai kuma waɗansu mutane waɗanda ba wanda ya naɗa su, ba su kuma cin albashin kowa, amma ran da ɗayansu ya kau sai gari duka ya ji a jikinsa. Mai masaukin baƙi yana cikin irin waɗannan. Yau muna so mu ba masu karatu labarin wani dattijo mai masauki na Maigatari, cikin ƙasar Gumel, wanda Allah ya yi wa rasuwa kwanan baya. Ba za mu faɗi sunansa ba, gama sa'ad da ya ke da rai ba abin da ya ƙi kamar a yi shelar alherinsa, ba kuwa daidai ba ne mu yi masa bayan ransa abin da ya hana a gaban idonsa. Baƙinsa suna ce da shi Maigida, yara kuwa suna ce da shi Baba. Mu ma da waɗannan sunaye za mu kira shi.

ƘASAR DA TA HAIFE SHI

Kafin mutum ya gane aikin Maigida, sai ya san ƙasar tukuna. Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana can arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano cikin 1991. Sarakunanta Mangawa ne, asalin biyayyarsu ga Barno ta ke, kuma kafin su zauna Gumel wajen tsakiyar ƙarni na 19 sun zauna Tumbi, garin da yau ya ke cikin Jumhuriyar Nijar. Da Ingilishi da Faransawa suka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai layin ya ratsa tsakiyar dangi, wa ya faɗa wannan gefe, ƙane ya faɗa wancan. Maigatari kuwa bakin layin ta ke sosai.

Ƙasar rairayi ce, ba babban kogi, gero da dawa da wake su ne abinci, riɗi da zoɓo su ne na sayarwa. Amma abin da ya fid da sunan Maigatari shi ne kasuwarta ta ran Alhamis, wadda ta ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan sashe na Afirka. Fulani da Buzaye da Mangawa su kan koro shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga ƙasar Damagaram da gaba da ita, fatake kuwa su kan zo daga Kano, har daga Ikko da Anaca, su loda manyan motoci su yi kudu. To, mutumin da ya yi kwanaki yana tafe bayan garkensa, ya shigo garin da bai san kowa ba, ga dukiya mai ƙafafu, ga kuɗi iri biyu, naira da sefa, ina zai kwana? Wa zai ba amanar kuɗinsa? Wa zai gaya masa wane mai saye ne mai gaskiya, wane ne ɗan damfara? Amsar waɗannan tambayoyi duka ita ce mai masauki, wanda dattawa ke ce wa fatoma.

YADDA SANA'AR TA KE

Waɗanda ba su san kasuwa ba suna tsammani mai masauki daidai ya ke da mai otel. Ko kusa. Mai otel ɗaki ya ke sayarwa, in ka biya ka fita ba ruwansa da kai. Fatoma kuwa ba ya karɓar kuɗin kwana. Shi ke ba baƙo shimfiɗa da tuwo da ruwan alwala, ya sa yaransa su tsare dabbobin, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya a kan ciniki har a sallama. Abin da ya ke samu yana fitowa daga la'adar da a ke bayarwa in ciniki ya faɗa, da kuma ɗan ihsanin da baƙo ya kan yi sa'ad da za shi gida. Nauyin da ya fi kowane girma shi ne lamuni. In mai saye ya ɗauki shanu bashi, maganar fatoma ce mai shanu ya riƙe, in kuwa mai saye ya gudu, fatoma ne zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya mutu a kasuwa.

Wannan tsari ba na Maigatari kaɗai ba ne. Ko'ina Hausawa suka kai fataucin shanu da goro sun tafi da shi. Wani masani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna unguwar Sabo ta Badun yana duban yadda masu gidaje Hausawa ke saukar da fataken shanu suna tsaya musu wajen mahauta, ya fitar da littafinsa cikin 1969. Wata Baturiya kuma, Polly Hill, ta rubuta irin wannan game da kasuwar shanu ta Kumasi a ƙasar Gana. Abin da ya ba su mamaki shi ne yadda dukiya mai yawa ke ratsa ɗaruruwan mil ba takarda ba sa hannu, sai amana kurum. Mu a nan ba abin mamaki ba ne, don mun tashi mun tarar da shi, watakila kuwa shi ya sa ba mu ga girmansa ba.

Maigida ya koyi sana'ar tun yana saurayi a Gagarawa, wurin wani kawunsa. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru ta kammala cikin 1930, Gagarawa kuwa tana bisa wannan hanya, saboda haka nan ne gyaɗar ƙasar Gumel ke hawa jirgi. Ya kan ba mu labarin yadda ya ke kwana yana ɗebo wa masu jakuna da raƙuma ruwa a lokacin kaka. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, cinikin gyaɗa ya durƙushe, sai ya tattara ya koma Maigatari ya buɗe zaure nasa na kansa.

ZAURE DA TEBURIN SHAYI

Turawa a ƙananan garuruwansu suna da gidan shaye-shaye inda maza ke taruwa da maraice, mai gidan kuwa ya kan san sirrin kowa da bashin kowa. Mu addininmu ya raba mu da giya, amma bukatar wurin taruwa tana nan, zaure da teburin mai shayi su ke biya mana ita. Maigida ya haɗa biyun. A ƙofar zaurensa, gindin wata bishiyar maina, akwai tebur da benci biyu, tukunyar shayi ba ta sauka daga asuba har a yi sallar lisha. Mai son shayi da madara da burodi ya samu, Buzu mai son nasa mai ɗaci cikin ɗan ƙaramin finjali shi ma ya samu. Nan a ke jin farashin sa da na buhun gero, nan a ke sauraron labarun rediyo da safe, nan kuma a ke sulhunta rigingimu da yawa waɗanda da sun kai gaban alƙali.

Yaron da ke zuba shayin yana da littafin bashi, amma kowa ya san littafin na jeka-na-yi-ka ne. In azumi ya ƙarato, Maigida ya kan karɓi littafin ya duba, ya yage shafin duk wanda ya san ba shi da hali, ba tare da ya gaya masa ba. Almajiri bai taɓa wucewa da ƙoƙo wofi ba. Direban da motarsa ta lalace, da matar da ta zo neman ɗanta, da wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa, duk wurinsa a ke nuna musu. Ya kan ce baƙonka Annabinka, ya kuma riƙe maganar nan kamar doka.

An gwada amanarsa ba sau ɗaya ba. Dattawa sun ba mu labarin 1983, shekarar da ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, Fulani suka wayi gari garke ya ƙare, sa'an nan cikin Afrilu 1984 aka canja kuɗi aka rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, ga kuma fari a tsakani. Sun ce a shekarun nan tukunyar gidansa ba ta huta ba, har ya sayar da shanun nomansa don ya ciyad da mutanen da a da su ke kawo masa riba. Na baya-bayan nan kuwa mun gani da idonmu. An rufe iyaka cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai 16 ga Disamba 2020. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 kuma aka sāke rufe iyaka har watan Maris 2024.

Cikin wannan tsanani ne wani falke ya ɗauki shanun wani Buzu bashi bisa lamunin Maigida, ya yi kudu da su, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Buzun da kansa ya ce, “Maigida, na san ba kai ka ci ba. Mu raba hasarar biyu.” Maigida ya ce, “Ai ba shi ka ba shanunka ba, ni ka ba. In na raba da kai yau, gobe da wane baki zan ce wa wani ya saki dabbarsa?” Ya sayar da gonarsa ɗaya, ya ajiye kuɗin cif, har ran da hanya ta buɗe mutumin ya zo ya karɓa.

ABIN DA YA YI WA MALAMAI

Mu ma'aikatan ilmi ta wata hanya dabam muka san shi. Kowace shekara ɗaliban kwalejin horon malamai ta Gumel su kan fita gwajin koyarwa a makarantun ƙasar, daga Sule Tankarkar har ƙauyukan bakin iyaka. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san rarraba sunaye a takarda ba wuya, wuyar ita ce inda yaro zai kwana da abin da zai ci har wa'adinsa ya cika. Da yawa cikinsu 'ya'yan talakawa ne, guzurinsu ba ya kai su rabin zango.

Ran da muka fara zuwa wurinsa da wannan bukata, muna ta kewaye-kewaye don kunya, sai ya katse mu ya ce, “Malam, yara nawa ne?” Muka ce huɗu. Ya ce, “Ɗakin kudu ba kowa sai ran Laraba da Alhamis. Su zo. Ran kasuwa su matsa wa baƙi, su kuma taya ni lissafi.” Muka ce, “Baba, nawa za a riƙa bayarwa?” Ya yi dariya ya ce, “Ni ban yi boko ba. Su koya wa jikokina, mun biya juna.” Tun daga ran nan, shekara bayan shekara, ɗakin kudu ya zama na malamai. In ya ga ɗalibi ya yi kwana biyu bai zo tebur ba, ya san kuɗi ne suka ƙare, sai ya aika a kira shi wai ya zo ya karanta masa wasiƙa, kafin a gama karatu an ajiye masa shayi da burodi. Yau cikin waɗannan yara akwai shugabannin makarantu da masu duba makarantu. Da labarin rasuwarsa ya bazu, sun zo ta'aziyya daga wurare masu nisa, kowa da irin labarin da ya ke ɓoye da shi.

SU DA DARA

Kada masu karatu su zaci mutum ne mai ɗaure fuska wanda bai san nishaɗi ba. Abu biyu ya ke so ƙwarai, su da dara.

Abin dariya ne a ce mutumin ƙasar rairayi ya ƙware da su, abokansa kuwa ba su bar tsokanarsa a kan haka ba. Amma jirgin nan na Nguru shi ya saba masa da fadamun Haɗeja tun yana saurayi. Kowace shekara in ruwa ya fara janyewa bayan kaka, ya kan bar wa babban yaronsa zaure, ya tafi wurin abokansa masunta ya yi kwanaki. Shi ba mai jefa birgi ba ne, fatsa ya ke so, ya zauna bakin ruwa shiru tun hantsi. Ya san tarwaɗa da karfasa da bargi, ya kan kuma ba yara labarin gaiwa, wadda ke shiga cikin laka ta kwanta duk rani har ruwa ya dawo. Ya kan ce mai masauki ma haka ya ke yi in kasuwa ta mutu. Abin da ya kamo, da wanda ya saya ya ƙara a kai ba tare da ya faɗa ba, a kan yi bandarsa ya kawo gida, a rarraba wa maƙwabta gida gida, gama kifi abin marmari ne a Maigatari.

A shekarunsa na ƙarshe ya kan dawo da baƙin ciki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke cika fadamun kowace damina ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ya ce wuraren da ya kama kifi yana saurayi, yau ko kwalekwale ba ya ratsa su.

Dara kuwa ita ce ta kowace la'asar. Manyan ma'aikata da attajirai na Kano da Kaduna suna da wasan golf da suka gada wurin Turawa, a bi ƙwallo da sanda cikin fili mai faɗi har a zagaye ramuka 18. Wani ɗalibinmu ya taɓa kwatanta masa wasan, sai ya ce, “Ashe su ma rami su ke nema. To, ni nawa 30 ne, ba na kuwa biyan ko kwabo.” Gaskiyarsa kuwa, gama gidajen dara 30 ne, layi 5 na gida 6, a tona su cikin rairayi da yatsa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsinke, wancan ya ɗauki tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. A wurin dara kaɗai ne Maigida ba ya kyauta. Ko hakimi ne ya zauna gabansa sai ya cinye shi, ya kuma yi masa waƙar tsiya. Amma mun lura da dara ya ke auna baƙo. Wanda ya ga yana matsar da ɗa in an kau da ido, ba ya tsaya masa lamuni ran Alhamis.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Da aka zo rabon gado ba a sami abin kirki ba, sai gida da gona ɗaya da 'yan awaki. Waɗansu suka ce ga sakamakon mai hannu sake. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Mutumin da ya yi shekaru fiye da 40 dukiyar jama'a tana kwana ɗakinsa, ba a taɓa kai shi ƙara kan ko sisi ba, ya aurar da 'ya'yansa da na waɗansu, sa'an nan jama'ar ƙasa biyu suka yi masa salla, ba za a ce ya yi hasara ba. Kyautarsa ita ce jarinsa, don ita ta sa baƙo ya wuce ƙofa goma ya zo tasa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Abin da ke damunmu shi ne wanda zai gaje shi. Zamani ya sāke. Yanzu falke yana iya ganin hoton sa cikin wayarsa yana zaune Ikko, ya aiko da kuɗi ta banki, ba ya bukatar kwana gidan kowa. Wannan ci gaba ne, ba mu ƙi shi ba. Amma waya ba ta ba baƙo tuwo, in kuma ciniki ya ɓaci ba ta sayar da gonarta ta biya. Matasa da yawa sun ɗauki la'ada sun bar lamuni, sun ɗauki dillanci sun bar saukar baƙi. Hatsi kuma ya yi tsada, har mai niyyar kirki ma yana jin nauyin ƙara kwano ɗaya. Zauren Maigida yana buɗe har yanzu, babban yaronsa na riƙe da shi, amma bana sai da ya zo mana da kunya ya ce ɗalibai biyu kaɗai zai iya ɗauka.

Saboda haka muna da roƙo. Ga shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin dillalai, ku san masu masaukin da suka rage, ku girmama su, ku kuma yi wata ajiya ta haɗin gwiwa wadda za ta tallafi wanda lamuni ya karya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, in an turo muku malami ko ɗalibin koyarwa, ku tuna baƙo ne kafin ya zama ma'aikaci, wanda ya kwana da yunwa kuwa ba ya iya tsayawa gaban allo. Ga waɗanda suka kwana ɗakin kudu, yau Allah ya buɗa musu, buhun gero ɗaya a shekara daga kowannenku ya isa ya mai da ɗalibai biyun nan huɗu. Ga 'yan'uwanmu malamai kuma, in kun zo darasin tarihin gari, bayan kun faɗi sunayen sarakuna, ku aiki yara su tambayi kakanninsu su wane ne masu saukar baƙi a garinsu, su rubuto abin da suka ji. Yaron da ya san a garinsu an yi mutumin da ya sayar da gonarsa don ya cika magana, ya sami abin koyi wanda ba ya cikin littafin aji.

Allah ya jiƙan Maigida, ya sa aljanna ce masaukinsa, ya ba iyalinsa da baƙinsa haƙuri. Allah kuma ya ƙara mana irinsa a ƙasar Gumel da sauran ƙasashenmu baki ɗaya, amin.